Bindigar Aljihu Mai Ƙyastu: Wa Ya Ƙera Ta, Kuma Me Sunan da Ke Jikinta Yake Nufi?

Wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ya aiko da tambaya game da wata 'yar ƙaramar bindiga da ya saya a wurin gwanjon kayan tarihi. Ya ce tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, an zana sunan Ketland & Co a gefe guda, an zana sunan birnin Landan a ɗaya gefen, ba ta da sandar ɗuri, kuma ya duba ƙasanta bai ga kunama ba, har ya fara zargin ko an sayar masa da karyayyen abu ne. Yana so ya san yadda ake aiki da ita, da ko su wane ne suka ƙera ta, da kuma ko sunan da ke jikinta abin dogaro ne.

Malam, bindigarka ba karyayya ba ce, kuma abubuwan nan biyu da ka ga babu su, da gangan aka bar su. Kafin komai dai ina roƙonka kada ka ɗana ta, kada kuma ka leƙa bakinta, domin da yawa daga cikin irin waɗannan bindigogi an ajiye su ne da ɗurinsu a ciki, kuma albarushin da bai sha ruwa ba yana iya tashi bayan shekara 200. Ka zura siririn tsinke ta bakin, ka auna zurfin da ya shiga, sannan ka gwada shi da tsawon bututun daga waje har zuwa 'yar kafar wuta. Idan ya tsaya da sauran tazara, ka ɗauka akwai ɗuri, ka kai ta wurin masanin gyaran tsofaffin makamai.

Yadda take tashi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san ƙyastu ko ya taɓa ganin adakar maharba. Akwai wani hannun ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ke damƙe da dutsen ƙyastu, wanda akan naɗe da 'yar fata ko dalma don kada ya zame. Idan aka ja kunama, sifirin ya wurga hannun gaba, dutsen ya kankari wani farantin ƙarfe mai tauri, tartsatsi ya zubo. Hikimar ita ce wannan farantin shi ne kuma murfin ɗan kaskon da ake zuba albarushi kaɗan a ciki, saboda haka bugu ɗaya ne yake buɗe kaskon kuma yake zuba masa wuta, wutar ta bi ta 'yar kafa ta kama babban ɗurin da ke bayan harsashi. Wannan tsari ya kammalu ne a Faransa a farkon ƙarni na 17, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi shi ne Marin le Bourgeoys na garin Lisieux a yankin Normandi, wanda ya yi wa Sarki Henri na IV da Sarki Louis na XIII aiki, ya rasu a 1634. Shi ma ɗan gidan sana'a ne, domin 'yan'uwansa ma sun yi aikin ƙira. Tsarin ya yi mulki wajen shekara 200 kafin a sami abin da ya fi shi.

Matsalar da maƙera suka fuskanta ita ce a bindigar soja da ta farauta duk wannan na'ura a gefe take, ta turo waje, kuma abin da ya turo waje yana maƙalewa a tufafi. Don haka daga tsakiyar ƙarni na 18 suka koma sanya hannun dutsen a tsakiyar bindigar, cikin wani ɗan akwatin ƙarfe ko na tagulla mai shafaffun gefuna, kuma a kan waɗannan gefuna ne ake zana suna da gari. Wannan ya sa ba a iya saita ta da ido, tunda hannun dutsen ya tare gaban mai harbi, amma ba wanda ya damu, domin ba a yi ta don nesa ba. An yi ta ne don mutumin da ya zo har ƙofar keken dokinka, ko wanda ya tare ka a lungu. Kunamar kuwa tana nan kwance, an naɗe ta cikin ƙasan akwatin, kuma sai an ja hannun dutsen har ƙarshe take faɗowa da kanta. A bayan hannun za ka ga wata 'yar sakata da ake turawa da babban yatsa. A bindigogi masu kyau wannan sakata aiki biyu take yi: tana kulle hannun a rabin ɗani, wato idan an ja shi zuwa rabin hanya, kuma tana da wani ɗan tsinke da ke shiga jikin farantin ya riƙe murfin kaskon a rufe, don kada albarushin ya zube a aljihu. A ganina wannan 'yar sakata ita ce mafi kyawun abin da ke jikin bindigar, domin ita ce ta sa mutum zai iya yawo da makami mai ɗuri wuni guda ba tare da ya harbi cinyarsa ba.

Rashin sandar ɗuri kuwa saboda ba ta baki ake ɗura ta ba. Bututun murɗe shi ake yi ya fita, kamar yadda ake kwance noti. Idan ka duba ƙasansa za ka ga wani ɗan ƙulli, ko kuma ka ga 'yan tsage-tsage a cikin bakin, kuma nan ne mabuɗinta yake kamawa. Mutane da yawa sukan ɗauki waɗannan tsage-tsage a matsayin layukan da ke juya harsashi, alhali mazaunin mabuɗi ne kawai. Idan an cire bututun, sai a cika ramin da ya bayyana da albarushi, a ɗora ƙwallon dalma a kan bakinsa, a mayar da bututun a ɗaure. Ƙwallon yakan ɗan fi ramin bututun girma, saboda haka ba ya gangarowa ya faɗi a aljihu, kuma lokacin harbi iskar wutar ba ta samun hanyar tserewa ta gefensa. Shi ya sa bututun da bai wuce inci 2 ba yake bugu da ƙarfin da ya fi girmansa. Illarsa ita ce jinkiri, domin wanda ya harba sau ɗaya ba shi da lokacin sake ɗuri a gaban abokin gaba. Wannan ne dalilin da ya sa ake sayar da su bibbiyu, kuma mai yiwuwa taka tana da 'yar'uwa a wani wuri. Wasu maƙeran sun nemi mafita ta hanyar ɗora bututu biyu, ɗaya bisa ɗaya, da wani ɗan famfo a gefe da ke karkatar da wuta daga wannan zuwa wancan, wasu suka yi mai bututu huɗu a baje da ke tashi lokaci guda, sannan a 1781 John Waters ya karɓi takardar mallakar fasahar banati, wato wuƙar bakin bindiga, da ke naɗe a jikin bututu, wanda sifirin ke cillo shi gaba.

Irin wannan bututu mai murɗewa ya girmi akwatin tsakiya. An gan shi a samfurin da masu tara kayan tarihi ke kira na Sarauniya Anne ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1702 zuwa 1714, ko da yake an fara yin samfurin kafin ta hau gado kuma an ci gaba da yin sa shekaru da yawa bayan rasuwarta. Ana gane shi da bututu mai siffar igwa da ƙota mai kumburarren gindi, sau da yawa da fuskar dodo ta azurfa a ƙarshenta.

Game da masu sayen bindigar aljihu, ya isa a tuna cewa Landan ba ta sami rundunar 'yan sanda ta zamani ba sai 1829, kuma hanyoyin da ke fita daga birnin, musamman filin Hounslow, sun yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi a kan dawaki. Fatake da likitoci da masu karɓar haya da matafiya duk sun riƙe ta, kuma mafi ƙanƙanta daga ciki an ce mata sukan ɓoye su a cikin abin ɗumama hannu. Abin da ke ɓoyuwa don kariya kuwa yana ɓoyuwa don ɓarna. Ranar 11 ga Mayu 1812 John Bellingham ya harbe Firayim Minista Spencer Perceval a farfajiyar Majalisar Wakilai ta Birtaniya da ƙaramar bindigar da ya fito da ita daga wani aljihu da ya sa tela ya ɗinka masa musamman a cikin kwat.

Yanzu sai babbar tambayarka, wato wa ya ƙera ta. Amsar gaskiya ita ce hannaye da yawa ne, kuma mai yiwuwa babu ko ɗaya daga cikinsu da ke Landan. Gidan Ketland na Birmingham ne. Thomas Ketland ya kafa sana'ar wajen 1760, ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da bindigogi da sassansu zuwa ƙetare, musamman Amurka, inda 'ya'yansa suka zauna a Filadelfiya suna kula da cinikin. Dogayen bindigogi da yawa da maƙeran Amurka suka haɗa da hannunsu suna ɗauke da na'urar ƙyastu mai sunan Ketland. Kamfanin Thomas ya karye a 1821, wani reshen dangin mai sunan William Ketland ya ci gaba na wasu shekaru. Amma a Birmingham ta wancan zamani, wanda ake kira maƙerin bindiga sau da yawa ba ya riƙe guduma. Aikinsa shi ne ya karɓi oda, ya sayi sassa, ya rarraba aiki. A unguwar bindiga da ke kewaye da cocin St Mary, wani yana ƙera bututu, wani yana huda shi, wani yana goge shi da magagari, wani yana sassaƙa ƙota da katakon walnat, wani yana dasa zaren azurfa a cikinta, wani yana zane, kuma yara ne ke ɗaukar sassan daga wannan shago zuwa wancan. Na'urorin ƙyastu da yawa ma daga garuruwan maƙwabta suke zuwa, irin su Darlaston da Wednesbury. Sunan da za a zana shi ne abu na ƙarshe, kuma mai oda ne yake zaɓa. Shi ya sa za ka ga bindigogi biyu da ba su da bambanci ko kaɗan, ɗaya da sunan babban gida, ɗaya da sunan wani mai shagon ƙarafa a ƙaramin gari.

Sunan Landan kuwa tambarin kasuwa ne, domin mai saye a Amurka ko Indiya ya fi yarda da shi. Maƙeran Landan sun ji haushin wannan ƙwarai, har a 1813 aka kai ƙudiri gaban majalisa na tilasta wa kowa ya rubuta ainihin sunansa da garinsa. Mutanen Birmingham suka yi tsayin daka a kansa, kuma abin da ya fito daga rigimar shi ne dokar da ta kafa musu gidan gwajin bututu nasu na kansu a wannan shekara, wanda har yau yana aiki.

Wannan gidan gwaji shi zai ba ka amsar da sunan ba zai ba ka ba. Kafin a sayar da bututu ana cika shi da albarushin da ya wuce kima a harba, idan bai fashe ba a buga masa hatimi, kuma hatimin yakan kasance a ƙasan bututun ko a jikin akwatin kusa da mahaɗa. Idan ka ga kambi bisa haruffan GP da wani kambin bisa harafin V, wannan gwajin ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ne, wadda ta sami takardar sarki a 1637. Idan ka ga sandunan sarauta biyu a giciye ƙarƙashin kambi, da haruffan BPC a tsakaninsu, da wani hatimin irinsa mai harafin V, to Birmingham ce, kuma ba ta girmi 1813 ba. Idan sandunan ne a giciye babu haruffa, an buga su sau biyu, wannan gwajin da hukumar makamai ta Hasumiyar Landan take yi wa 'yan kasuwa ne, kuma maƙeran Birmingham sun yi amfani da shi sosai kafin su sami nasu. Idan kuwa ka ga haruffan ELG da tauraro a cikin da'ira mai siffar ƙwai, to bindigarka daga Liège ta ƙasar Beljiyam take, kuma an yi ta bayan 1810, ko da an rubuta Landan sau goma a jikinta. Maƙeran Liège sun ƙware wajen aron sunaye. Akwai 'yan ƙananan bindigogin aljihu na ƙarfe zalla masu ɗimbin yawa da ke ɗauke da sunan Segallas da Landan, kuma an aro sunan ne daga wani gidan maƙera 'yan asalin Faransa da ya zauna a Landan, ana rubuta shi yadda aka ga dama. Haka aka yi wa dangin Cominazzo na Gardone kusa da Brescia a Italiya, waɗanda bututunsu ya yi suna har aka riƙa buga sunan ɗaya daga cikinsu, Lazarino, a kan kayan da ba su taɓa gani ba. Idan akwai azurfa a gindin ƙotar, ka duba ta da gilashin ƙara girma, domin alamar anga ta ofishin tantance azurfa na Birmingham ce, wanda aka buɗe a 1773, kan damisa kuwa na Landan ne, kuma harafin da ke kusa da su yana nuna ainihin shekarar. Haruffan CF na Charles Freeth ne, wanda ya yi wa maƙera da yawa kayan azurfa.

Kada wannan bayani ya sa ka ɗauka duk sunaye fanko ne. Akwai gidajen da sunansu yake nufin ido mai tsanani da ke duba kowane sashe kafin ya fita daga shago, kuma abin da ya fi burge ni game da su shi ne yadda sana'ar take tafiya ta jini da aure da koyo a hannun maigida, har ta zama kamar dangi ɗaya. Lokacin da Faransa ta soke dokar da ke kare Kiristoci 'yan Furotesta a 1685, ƙwararru da yawa sun tsere zuwa Ingila, kuma cikinsu akwai Lewis Barbar, wanda ya zama maƙerin makaman Sarki George na I, ɗansa James ya gaje shi, kuma bindigoginsu na samfurin Sarauniya Anne suna cikin mafi kyau. A shagon John Twigg ne John Manton ya zama babban ma'aikaci kafin ya buɗe nasa a titin Dover a 1781. Shi kuma ya koya wa ƙanensa Joseph Manton, wanda ya zarce shi suna, amma shari'o'i da bashi suka karya shi a 1826. Daga shagon Joseph ne James Purdey da Thomas Boss da Charles Lancaster suka fito, kuma kamfanin da Purdey ya kafa a 1814 har yanzu yana ƙera bindigogin farauta a Landan. Durs Egg ɗan Suwizalan ne da ya iso Landan a 1772, ya zama maƙerin Yarima mai jiran gado, ɗan ɗan'uwansa Joseph Egg kuma ya buɗe shago a lamba 1 titin Piccadilly, inda ya yi fice wajen ƙananan bindigogi masu bututu biyu a ɗore, waɗanda a wurina babu bindigar aljihun da ta kai su tsaftar aiki. Henry Nock ya fara ne da ƙera na'urar ƙyastu kawai, ya yi wa sojan ruwa bindiga mai bututu bakwai, ya shugabanci ƙungiyar maƙera a 1802, kuma da ya rasu a 1804 surukinsa James Wilkinson ya karɓi shagon. Wannan gida ne ya koma ƙera takubba, daga baya ya koma reza, kuma shi ne Wilkinson Sword da ake gani a kantuna yau. A Faransa kuwa Nicolas-Noël Boutet, ɗan maƙerin bindiga wanda ya auri 'yar maƙerin bindiga, ya shugabanci masana'antar Versailles, inda aka riƙa ƙera makaman da Napoleon yake bayarwa kyauta, cikinsu har da ƙananan bindigogi da aka yi musu ado irin na maƙerin zinariya.

Akwai gida ɗaya a Birmingham da tarihinsa ya taɓa mu kai tsaye, kuma ba zan tsallake shi ba. Dangin Galton mabiya ɗarikar Kirista ta Kwaka ne, wadda ta haramta yaƙi, amma sun yi arziki da ƙera bindigogi, kuma kaso mai yawa na kayansu ya tafi gaɓar Afirka ta Yamma inda ake musayarsa da bayi. A 1795 'yan ɗarikar suka tuhumi Samuel Galton ƙarami, ya kare kansa da cewa duk mai biyan haraji da mai cin riba a ƙasar da ke yaƙi yana da hannu a ciki, amma suka cire shi daga cikinsu a 1796, kuma daga baya dangin ya koma harkar banki. Unguwar da ta ƙera 'yar bindigarka mai kyan gani ita ce ta ƙera waɗancan dogayen bindigogi masu arha. Wannan ciniki ne kuma ya tsawaita ran ƙyastu. A Turai an fara barinsa bayan wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya karɓi takardar mallakar fasaha a 1807 ta tayar da ɗuri da maganin da ke kamawa da bugu, kuma zuwa shekarun 1820 'yar hular tagulla mai wannan magani ta fara mamaye kasuwa, domin ba ta tsoron damina ko iska. Amma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu masu ƙyastu marasa layi a cikin bututu, saboda haka Birmingham da Liège suka ci gaba da ƙera su, masu fasa dutse na garin Brandon a yankin Suffolk kuma suka ci gaba da aiko da duwatsun ƙyastu zuwa Afirka har cikin ƙarni na 20.

Wannan sauyi ya haifar da wani abin da ya kamata ka duba a taka. Bindigogi da yawa an mayar da su masu hula a wancan lokaci, sannan da masu tara kayan tarihi suka fi son ƙyastu, wasu dillalai suka sake mayar da su baya da sababbin sassa. Ka duba ko launin hannun dutsen da na kaskon ya yi daidai da na akwatin, ko zanen da ke jikinsu hannu ɗaya ne, ko kuma akwai alamar toshiya ko walda kusa da kafar wuta. Irin wannan gyara yana rage daraja ƙwarai. Abin da ya fi shi rage daraja shi ne gogewa, saboda haka kada ka sa mata sanfefa ko man goge tagulla, domin duhun da shekaru suka bar mata shi ne shaidar shekarunta, kuma hatiman da muke magana a kansu ba su da zurfi. Ɗan mai kaɗan a tsumma mai laushi ya isa ga ƙarfen, a ajiye ta inda babu danshi. Idan bututun ya ƙi murɗuwa kada ka kama shi da filaya, kuma kada ka saki hannun dutsen a banza ko bayan an tabbatar babu ɗuri, domin wuyansa siriri ne kuma nan ne yake yawan karyewa.

Game da doka, a Birtaniya an yarda mutum ya ajiye irin wannan tsohuwar bindiga ba tare da lasisi ba matuƙar don ado ko tarihi ya ajiye ta, ba don harbi ba. Amma idan kana tunanin kawo ta gida, ka sani dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya dukkan ƙananan bindigogin hannu cikin jerin haramtattun makamai, kuma ta ambaci masu ƙyastu da masu hula da sunansu, saboda haka tsufanta ba zai zame maka hujja a filin jirgin sama ba. Idan ka aiko da hoton hatiman da ke ƙasan bututun da na gindin ƙotar, cikin haske mai kyau, zan iya gaya maka garin da aka gwada ta da kusan shekarun da aka yi ta.